Tantance Ma'aunan Masana'antu: Yadda Ake Tabbatar Da Gaskiyar Sikeli, Geji Da Mita

Duk buhun simintin da aka rubuta kilo 50 a jikinsa, da tukunyar gas da aka ce an zuba mata kilo 12.5, da litar fetur da ta fito daga famfon gidan mai, wata na'ura ce ta ba da shaida a kansu. Mai saye ba shi da hanyar bincike, shi kansa mai sayarwa sau da yawa lambar da na'urar ta nuna masa ce kawai madogararsa. Sai dai na'ura ma tana kuskure, kuma idan ta fara ba ta yin ƙara ko hayaƙi, takan ci gaba da nuna lambobi tsaf tamkar ba abin da ya faru.

Wannan ne ya sa aka samar da wani fanni na musamman wanda aikinsa shi ne auna su kansu ma'aunan. Injiniyoyi da ma'aikatan masana'antu suna kiran aikin da kalibireshan, a nan kuwa za mu kira shi tantance ma'auni. Ginshiƙinsa guda ɗaya ne: ba a amincewa da lambar da na'ura ta nuna sai an gwada ta da wani ma'auni da ya fi ta inganci, wanda shi ma an gwada shi da na gaba da shi.

Mene ne tantance ma'auni?

Tantance ma'auni shi ne a kwatanta abin da na'ura ke nunawa da abin da amintaccen ma'auni ya nuna, a yanayin da aka san zafinsa da laimarsa, sannan a rubuta bambancin da aka samu. Alal misali, idan aka ba gejin tukunyar tururi matsi wanda aka tabbatar ya kai bar 10 daidai, amma allurarsa ta tsaya a kan 10.3, to an gano cewa yana ƙara 0.3 a wannan matakin.

Akwai abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Na farko shi ne tantancewar kanta, wadda iyakarta gano girman kuskure da rubuta shi. Na biyu shi ne saitawa, wato a taɓa na'urar domin a dawo da ita kan hanya. Na uku kuwa tabbatarwa ce, inda ake yanke hukunci cewa kuskuren yana cikin iyakar da doka ko kamfani ya amince da ita, ko kuma ya zarce ta. Jami'in gwamnati da ya gwada famfon mai ya maƙala masa hatimi, aikin tabbatarwa ya yi.

Ƙa'ida ita ce a fara tantance na'ura a halin da aka same ta, kafin a taɓa komai a jikinta. Idan aka saita ta, sai a sake tantancewa. Ta haka mai na'urar zai san irin kuskuren da ta daɗe tana yi masa, ya kuma san matsayinta bayan gyara.

Me ke sa ma'auni ya kauce?

Babu na'urar da ke dawwama a kan saitinta. Gejin matsi yana aiki ne da wani lanƙwasasshen bututun ƙarfe da ke miƙewa idan matsi ya shige shi, kuma yawan miƙewa da komawa yana gajiyar da ƙarfen. Sikelin zamani yana dogara da wani ɗan guntun ƙarfe da ke lotsawa kaɗan gwargwadon nauyi, don haka ɗora masa kayan da suka fi ƙarfinsa sau ɗaya tak na iya sauya halinsa har abada. Wayoyin da ke auna zafin tanderu su ma suna tsufa a cikin wuta, su riƙa ba da bayanin da ya bambanta da na lokacin da suke sababbi. Ga girgizar injuna, ga tsatsar damina, ga ƙurar hunturu da ke shiga gaɓoɓin sikeli, ga kuma hawa da saukar wutar lantarki tsakanin layin gwamnati da janareta.

Zafin wuri ma yana da tasiri. Tun shekarar 1931 aka amince a duniya cewa awon tsawo na ƙwararru ana yin sa ne a digiri 20 na ma'aunin Salsiyos. Sandar ƙarfe mai tsawon mita ɗaya takan ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin ɗari na milimita a duk digiri ɗaya da zafi ya hau. Ke nan a ranar da zafin bazara ya kai digiri 40 a Kano ko Sakkwato, sandar ta ƙara fiye da kashi biyu cikin goma na milimita. Wannan ba komai ba ne wajen mai walda ƙofa, amma wajen mai ƙera kayan cikin inji ya isa ya ɓata aiki.

Hatta ƙarfin da ƙasa ke jan abu da shi ba ɗaya ba ne a ko'ina. Ya fi rauni a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya irin Najeriya, ya fi ƙarfi a arewacin Turai. Bambancin tsakanin Jamus da Najeriya ya kai kimanin kashi 0.3 cikin 100. Saboda haka sikelin lantarki da aka saita a Jamus, idan aka kafa shi a nan ba tare da sake tantancewa ba, zai iya rage kusan kilo 3 a kowane tan. Shi ya sa ake tantance manyan sikeli a inda za su yi aiki.

Salsalar awo

Malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai sun bi isnadinta, wane ya ji daga wane, har zuwa tushe. Haka masana awo suke yi. Sikelin masana'anta ana gwada shi da duwatsun awo na kamfanin tantancewa. Duwatsun kamfanin ana gwada su da na cibiyar awo ta ƙasa. Na cibiyar ƙasa kuma ana kwatanta su da na takwarorinta a duniya. Kowane mataki yana da takardar shaida, kuma idan ɗaya ya yanke, duk abin da ke ƙasa da shi ya rasa madogara.

Tushen wannan tsari ya faro ne ranar 20 ga Mayu, 1875, lokacin da ƙasashe 17 suka rattaba hannu kan Yarjejeniyar Mita a birnin Faris. Ita ce ta haifar da Ofishin Awo na Duniya, wato BIPM, mai mazauni a Sevres da ke gefen birnin. Albarkacin wannan rana ce ake bikin Ranar Awo ta Duniya duk 20 ga Mayu. A 1960 aka ƙaddamar da tsarin awo na bai-ɗaya da ake kira SI, wanda a yau yake da ginshiƙai bakwai, ciki har da mita, kilo da sakan.

Daga 1889, kilon duniya wani curin ƙarfe ne na filatinam da iridiyam mai tsayin milimita 39, wanda aka adana a Sevres, aka kuma rarraba wa ƙasashe kwafinsa. Da aka riƙa kwatanta su cikin shekaru kusan ɗari, sai aka ga tazara ta ɓullo tsakanin curin da kwafinsa, wadda ta kai kimanin kashi 50 cikin miliyan na giram. Ashe shi kansa uban ma'aunan bai tsira daga kaucewa ba. A ranar 16 ga Nuwamba, 2018, wakilan ƙasashe suka kaɗa ƙuri'a a Versailles cewa a daina dogaro da curin, a jingina kilo ga wata lamba ta kimiyyar fiziks wadda ba ta sauyawa, mai ɗauke da sunan masanin nan Bajamushe Max Planck. Sabon tsarin ya fara aiki ranar 20 ga Mayu, 2019.

Dama tun 1983 aka jingina mita ga gudun haske, wanda ke cin mita 299,792,458 a sakan ɗaya a sararin da babu iska. Shi kuwa sakan, tun 1967 ake ƙirga shi da kaɗawa 9,192,631,770 ta hasken da ƙwayar zarrar sinadarin siziyam ke fitarwa. Manyan cibiyoyi irin su NIST a Amurka, NPL a Birtaniya da PTB a Jamus su ne ke mayar da waɗannan lambobi ma'aunai na zahiri da za a iya gwada wasu da su.

Yadda ake gudanar da aikin

Kowane irin ma'auni da hanyarsa. A fannin nauyi ana amfani da duwatsun awo da aka kasa aji-aji, daga E1 mafi inganci, zuwa E2, F1, F2, har zuwa M1, M2 da M3 na harkar kasuwanci. Manyan ajujuwan ba a taɓa su da hannu, sai da safar hannu ko hantsaki, domin maiƙon yatsa ma nauyi ne. Idan sikelin manyan motoci za a gwada, akan zo da duwatsu masu nauyin rabin tan ko tan ɗaya, a ɗora su a kusurwoyi da tsakiya, domin a ga ko sikelin yana faɗin magana ɗaya a duk inda mota ta tsaya.

A fannin matsi, na'urar da aka fi dogaro da ita wani fistin ne da aka san faɗinsa, ana ɗora masa duwatsun da aka san nauyinsu. Da yake matsi shi ne nauyi a raba da faɗi, lissafi kaɗai zai faɗi matsin da ke cikin man da ke ƙarƙashin fistin, sai a duba abin da geji ya nuna. Yawanci ana gwadawa a matakai biyar: sifili, kwata, rabi, kashi uku cikin huɗu da kuma ƙarshen ƙarfin gejin. Ana yi yayin hawa, a maimaita yayin sauka, saboda wasu gejin sukan nuna lamba daban a kan hanyar dawowa.

A fannin zafi, ana tsoma ma'aunin da ake gwadawa tare da amintacce a cikin ruwa ko mai, ko a cikin ramin wani curin ƙarfe da ake iya tsayar da zafinsa. Manyan ɗakunan gwaji kuwa suna amfani da matakan da halitta ta tsayar: narkakkiyar kuza tana daskarewa a digiri 231.928, alminiyam a 660.323.

A fannin ruwa da mai, ana tura su ta cikin mita zuwa wani mazubi da aka san cikinsa. Gwangwanin awo mai dogon wuya na lita 10 ko 20 da jami'ai ke zuwa da shi gidajen mai shi ne ƙaramin misali. Da yake fetur yana kumbura da kusan kashi 0.1 cikin 100 a kowane digiri, manyan dillalai sukan mayar da lissafinsu kan digiri 15 domin kowa ya yi magana da harshe ɗaya.

Ƙananan na'urori akan kai su ɗakin gwaji mai sanyaya ɗaki da kariya daga ƙura da girgiza. Waɗanda ba sa ɗaukuwa, ko waɗanda cire su zai tsayar da aiki, ma'aikatan ne ke zuwa har masana'anta da kayan aikinsu.

Abin da takardar shaida ta ƙunsa

Abin da abokin ciniki ke biya dominsa shi ne takardar shaida. Ingantacciya takan ƙunshi suna da lambar na'urar, ranar aiki, hanyar da aka bi, zafi da laimar wurin, ma'aunan da aka yi gwajin da su da kuma salsalarsu, sakamakon kowane mataki kafin saiti da bayansa, da sa hannun wanda ya amince da aikin.

Sai kuma abu mafi muhimmanci da mutane ke tsallakewa, wato tazarar shakka. Babu awon da ya kai ga cikakkiyar gaskiya, domin shi ma amintaccen ma'aunin yana da ɗan nasa rauni, haka idon ma'aikaci da yanayin ɗaki. Don haka idan takarda ta ce zafi digiri 100.0 ne, da shakkar 0.2, ma'anarta ana da yaƙinin kusan kashi 95 cikin 100 cewa ainihin zafin yana tsakanin 99.8 da 100.2. A al'adar sana'ar, ana so shakkar mai tantancewa ta kasance ba ta wuce kashi ɗaya cikin huɗu na kuskuren da aka yarda na'urar ta yi ba. Takardar da ta ce na'ura ta ci jarrabawa kawai, babu lambobi babu tazarar shakka, amfaninta kaɗan ne.

Wa ke sa ido kan masu tantancewa?

Ƙa'idar duniya da ke auna ƙwarewar ɗakunan gwaji ita ce ISO/IEC 17025, wadda ta fara fitowa a 1999, aka sabunta ta a 2005 da 2017. Wata hukuma mai zaman kanta ce ke zuwa ta binciki ma'aikata da kayan aiki da hanyoyin ɗakin, kafin ta ba shi shaidar ƙwarewa. Shaidar tana da iyaka, domin takan fayyace irin awon da ɗakin ya iya da kuma matakin da ya tsaya. Wanda aka amince masa a kan nauyi daga giram 1 zuwa kilo 20 ba shi da hurumin ba da irin wannan shaida a kan sikelin tirela.

Akwai kuma yarjejeniyoyin da suka sa ƙasashe ke karɓar takardun juna, ɗaya tsakanin cibiyoyin awo na ƙasashe da aka ƙulla a 1999, ɗaya kuma tsakanin hukumomin ba da shaidar ƙwarewa. Amfaninsu ga mai fitar da riɗi, citta ko zoɓo shi ne a gwada kayansa sau ɗaya a gida, a karɓi sakamakon a ƙasar da za su sauka.

Yadda abin yake a Najeriya

Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya sanya harkar awo da sikeli cikin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Sashen Awo da Sikeli na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari shi ke da alhakin tabbatar da ma'aunan da ake ciniki da su. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, wato SON, wadda aka kafa da dokar 1971, ita ke riƙe da Cibiyar Awo ta Ƙasa da ke Enugu, inda ake son salsalar ma'aunan cikin gida ta tuƙe. Hukumar NiNAS kuma tana ba ɗakunan gwaji shaidar ƙwarewa.

Wasu fannonin suna da nasu masu sa ido. Hukumar NMDPRA, wadda Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta samar, tana bibiyar gidajen mai da depo-depo. Hukumar NEMSA tana gwada mitocin wutar lantarki a tashoshinta, ciki har da na Oshodi, Kaduna da Fatakwal. Ita kuwa NAFDAC, duba bayanan tantance na'urori yana cikin abin da take yi idan ta je binciken masana'antun magani da abinci.

Matsalar ba baƙuwa ba ce a kasuwanninmu. Kowa ya san tiyar wannan kasuwa ba lallai ta yi daidai da ta waccan ba, kuma kalmar tauye mudu ta daɗe a bakin Bahaushe a matsayin babban zunubi. Bambancin shi ne a masana'anta ana iya tauye mudu, ko a cika shi ya zube, ba tare da kowa ya yi niyya ba.

Abin da kuskure ke jawowa

A ɗauki misalin injin cika buhun siminti da ya kauce da rabin kashi ɗaya cikin 100. Giram 250 ke nan a kowane buhu mai kilo 50. A buhu miliyan ɗaya ya zama tan 250, daidai da buhu 5,000. Idan ƙari injin ke yi, kamfani ya yi kyautar da bai sani ba. Idan ragi yake yi, an cuci masu saye, kuma suna da hukunci suna jiran kamfanin.

Wani lokaci rai ne a ciki. Tukunyar kashe ƙwayoyin cuta a kayan tiyata tana buƙatar digiri 121 na aƙalla minti 15. Madarar da ake sarrafawa a masana'anta akan riƙe ta a digiri 72 na sakan 15. Yawancin alluran rigakafi ana adana su ne tsakanin digiri 2 da 8. Idan ma'aunin zafi yana ƙara digiri uku ko huɗu, littafin aiki zai nuna komai lafiya, alhali ƙwayoyin cuta suna nan da ransu. Haka gejin tukunyar tururi da ke rage lamba zai sa ma'aikaci ya ci gaba da ƙara wuta bayan an wuce iyaka.

Ko manyan cibiyoyin kimiyya abin ya taɓa ritsawa da su. A watan Afrilun 1990 Amurka ta harba madubin hangen sararin samaniya na Hubble, sai hotunansa suka riƙa zuwa dishi-dishi. Bincike ya gano cewa na'urar da aka yi amfani da ita wajen duba siffar babban madubin, mai faɗin mita 2.4, an harhaɗa ta da kuskuren milimita 1.3. An goge madubin da matuƙar ƙwarewa, amma a kan siffar da ba daidai ba, inda gefensa ya kauce da kimanin kashi biyu cikin dubu na milimita. Wasu na'urori biyu sun nuna akwai matsala tun yana ƙasa, aka yi watsi da su saboda an fi amincewa da ta farkon. Sai a Disambar 1993 'yan sama jannati suka je suka sanya masa gilasan gyara.

Sau nawa ya kamata a tantance?

Shekara ɗaya ita ce al'adar da ta fi yaɗuwa, amma ba ta dace da kowace na'ura ba. Abin da ake dubawa shi ne shawarar kamfanin da ya ƙera ta, yawan aikin da take yi, tsananin wurin da take, girman asarar da kuskurenta zai jawo, da kuma tarihinta. Wadda aka tantance sau uku a jere ba ta motsa ba ana iya tsawaita mata wa'adi, wadda kullum ake samun ta a bakin iyaka kuwa sai a rage mata. Hasali ma ƙa'idar ISO/IEC 17025 ta hana ɗakin gwaji rubuta ranar dawowa a takardar shaida, sai da yardar mai na'urar. Idan na'ura ta faɗi, ko aka gyara ta, ko aka sauya mata wuri, ba a jiran wa'adi.

Tsakanin tantancewa biyu akwai ƙananan gwaje-gwaje da ma'aikata za su iya yi da kansu, kamar ɗora dutsen awo guda a kan sikeli kowace safiya, ko tsoma ma'aunin zafi a cikin dakakkiyar ƙanƙara mai narkewa a ga ko zai nuna sifili. Idan kuma aka samu na'ura ta zarce iyaka, ƙa'idar ISO 9001 ta wajabta wa kamfani ya waiwayi kayan da aka auna da ita a baya, ya duba ko akwai waɗanda abin ya shafa.

Kafin a ba wani kamfani aikin

Yana da kyau mai masana'anta ya nemi ganin shaidar ƙwarewar kamfanin, ya karanta iyakokinta, ya tabbatar irin na'urarsa da girmanta suna ciki. Ya nemi takardun ma'aunan da za a yi masa gwaji da su, ya ga ko wa'adinsu bai ƙare ba. Ya faɗi matakan da yake aiki a kansu, domin tanderun da ke aiki a digiri 800 ba a gama da shi da gwajin digiri 100. Ya kuma sharɗanta cewa kada a saita komai sai an rubuta halin da aka samu na'urar.

Bayan an gama, a maƙala wa kowace na'ura alama mai ɗauke da lambarta da ranar da aka tantance ta, a rufe wuraren saiti da hatimi, a adana takardun a wuri ɗaya bisa jerin shekaru. Wadda ta faɗi jarrabawa kuma a yi mata alama ta daban, a janye ta daga bakin aiki har sai an gyara ta an sake gwadawa.